Sun Ce Na Sa Yara Ɗawafin Gangar Kwalta

Zuwa ga Gwaggo Rahamatu,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, don da zarar zangon karatun nan ya ƙare aikina na koyarwa ya ƙare ke nan, sai fa in Allah Ya kawo mafita. Kada ki buga sunana. Ko da yake ban ma san amfanin ɓoyewar ba, don duk wanda ya shiga mota tsakanin Gwaram da Birnin Kudu a 'yan kwanakin nan ya riga ya sha labarina, har da ƙarin gishiri.

Ni 'yar Birnin Kudu ce, can iyayena suke. Na yi kwalejin horon malamai, sai aure ya kawo ni wani gari a ƙasar Gwaram, ta wajen hanyar Kwandiko. Maigidana direba ne, bas yake ja zuwa Kano. A babban gidansu muke zaune, sashenmu daban. Da gwamnati ta buɗe makarantar je-ka-ka-dawo a garin ana neman malamai ido rufe, na ce ina so, aka yi mini caa, wai ina aka taɓa ganin matar aure tana fita kullum da safe da littattafai a hammata. Surukina ne ya tsaya mini, zan kira shi Baba Alhaji. Ya ce in 'yan mata ba su ga mace a makarantar ba, ba uban da zai saki 'yarsa ta je. Maganarsa guda ta kashe bakin kowa. Ki riƙe wannan, Gwaggo, don shi ne ya fi ci mini rai: mutumin da ya buɗe mini ƙofar nan, shi ne yau zai rufe ta.

Kimiyya nake koya wa 'yan aji ɗaya, yara masu shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu. A manhajar bana akwai babin rana da taurari da duniyoyi tara da ke kewaya ta. Wallahi duk littafin babu babin da nake so kamarsa. Tun ina ƙarama, in an idar da magariba muna zaune a tabarma, mahaifiyata ke nuna mini taurari irin su Kaza da 'Ya'yanta da Zara, ni kuwa in dame ta da tambayar me ya riƙe su ba su faɗo mana a ka ba, har sai ta kore ni. Ranar da malamarmu a kwaleji ta kunna fitila ta zagaya ta da lemo, na ga yadda dare da rana ke zuwa, saura kaɗan in yi guɗa a aji. Tun daga ranar nake ɗokin in nuna wa nawa ɗaliban.

To, na zana a allo, na yi bayani har muryata ta dishe, yara suna kallona kamar ina yi musu Sinanci. In na ce kun gane, su ce e, Malama. In na yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Sai na ce bari in fitar da su fili su zama duniyoyin da kansu.

Ina neman abin da zan kafa a tsakiya ya zama rana, sai na hango wata gangar kwalta da masu aikin titi suka bari a bakin shingen makaranta. Samari suka mirgino ta tsakiyar filin ƙwallo suka tsayar. Na zo da tasa mai ƙyalli daga cikin jerena na kifa a kanta, hasken hantsi ya dake ta tana walƙiya, na ce ga ranarmu. Muka shata da'irori a ƙasa da sanda, wata na bin wata, ƙarama a ciki, manya a waje. Na ba kowane yaro sunan duniyarsa da Turanci kamar yadda yake a littafi, na ce yana tafiya yana faɗa don ya zauna masa. Na kusa da rana su yi sassarfa, na nesa su tafi a hankali, don haka abin yake. Kibiyar littafi ta nuna hannun da ake bi, ni ma na ce su bi nan.

Gwaggo, da kin ga yaran nan! Wata yarinya Barira, wadda tun da aka buɗe makaranta ban taɓa jin muryarta ba, ita na ba Duniya. Tana tafiya tana jujjuyawa, wata 'yar ƙarama na zagaya ta a matsayin wata, har jiri ya kwashe su suka zube suna ƙyaƙyata dariya. Ta tashi tana kaɗe zane ta tambaye ni, in dai haka ƙasa ke gudu da mu, don me ruwan randa ba ya zubewa. Na ce a raina alhamdu lillahi, yau na haifi ɗaliba. Wani ƙaton yaro Hambali da na ajiye can ƙarshe kusa da shinge yana ta mita, wai kafin ya zagayo sau ɗaya na ciki sun yi jikoki. Na ce masa ai abin da nake so ya gane ke nan, shekarar duniyarsa ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba. Sauran 'yan ajin da ba su sami duniya ba suka ce su ma sai sun shiga, na bar su suka bi sahu. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar wannan safiya ba.

Yanzu ki tsaya ki kalli abin da idon mai wucewa. Kayan makarantar samarinmu farare ne fat. Gudu ya sa huluna suna faɗuwa, suka tuɓe suka tara a gefe, suka cire takalma. Ga baƙar ganga a tsakiya. Ga taron yara cikin fararen kaya, kai ba hula, ƙafa ba takalmi, kowa ya ba gangar kafaɗarsa ta hagu, wasu na sassarfa, baki na ta motsi da kalmomin da ba wanda ya san su a garin. Na rantse miki da Allah ko kusa hankalina bai kai can ba. Ni ban taɓa zuwa Makka ba, a kalanda kawai nake ganin hoton.

Bana kuwa mutum da yawa daga garinmu sun sauke farali, tunda jirgi ya sauƙaƙa abin, kuma Baba Alhaji na cikinsu. Bai daɗe da dawowa ba, 'yan barka ma ba su gama zuwa ba. Tun yana saurayi yake burin tafiyar nan, sai da furfura ta cika kansa Allah Ya nufa. In yana ba baƙi labarin ranar da ya fara ɗora ido a kan Ka'aba, muna jiyowa daga cikin gida, muryarsa rawa take yi. To, shi ne ya biyo ta bayan shingen makaranta a kan kekensa zai je duba gonarsa. Na gan shi ya sauka ya riƙe keke ya tsaya. Ni wawuya har daɗi na ji, na ce yau Baba zai ga irin aikin da ya tsaya mini a kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya keken ya koma gari, gonar ma bai je ba.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Wai malamar boko ta gina wa yara Ka'aba da gangar kwalta tana koya musu ɗawafi. Wai sau bakwai suka zagaya, alhali ni ko ƙirgawa ban yi ba. Wai har akwai yarinyar da ta sumbaci gangar, alhali tasa ce ta zame ta sunkuya ta gyara. Kafin labarin ya isa kasuwar Farin Dutse an ce har akuya muka yanka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni da nake tsoron yanka ko kaza.

Abin da ya ba ni mamaki, na ɗauka maganar cewa ƙasa ce ke zagaya rana za ta jawo mini surutu, har na shirya amsoshina. Ba wanda ya ko ɗaga ta. Gangar nan dai, gangar nan.

Washegari rabin ajina babu. 'Yan mata kusan duk an tsare su a gida, har da Barira. Shugaban makarantarmu, Malam Abdulsalami, mutumin kirki ne amma ba ya son tashin hankali. Ya sa aka mirgine gangar can bayan gari, ya ce mini in tsallake babin kawai, ai tambaya ɗaya ko biyu ce ke fitowa a jarrabawa. Maigidana kuwa a tasha ya ji, daga bakin fasinjojin da ba su san shi ne mijin ba, tun daga Gwaram har Birnin Kudu suna tattauna ni a bayansa yana tuƙi. Ya dawo ransa a ɓace. Na yi masa bayani ya gane, har ya yi dariya da ya ji zancen akuya. Amma da Baba ya kira shi zaure ya ce in an yi hutun ƙarshen zango in zauna a gida haka nan, bai iya cewa komai ba sai to. Ban ga laifinsa ba sosai, wa zai yi musu da mahaifinsa? Amma na yi fushi, na faɗa masa maganganu, har na ce jahilci ne ke damun garin nan. Na san katangarmu ba ta da tsawo.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Da wani ne, da tuni na ɗauki littafina na je na buɗe masa shafin na nuna masa kibiyar. Amma surukina ne. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba. In na hango shi a soro, durƙusawa nake yi daga nesa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wajen, shi ke nan maganarmu tun da aka kawo ni gidan. Ta ina zan fara yi masa bayanin duniyoyi tara? Har yau yana amsa gaisuwata kamar kullum, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Ƙanwar maigidana A'i, wadda muke wasa da ita, ta tsegunta mini cewa a majalisar ƙofar masallaci wani ya kira ni da sunan da ba zan iya rubutawa ba, Baba ya daka masa tsawa, ya ce yarinyar nan a gidansa take, yana ganin sallarta, ba ta san abin da ta yi ba ne kawai. Da na ji haka na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Kuma yaran ba su bar ni ba. Shekaranjiya aka aiko Barira gidanmu karɓar rariya, ta faki ido ta tambaye ni wai me ya hana duniyar ta saki hanya ta yi tafiyarta. Gwaggo, tambayar da na yi wa mahaifiyata ke nan fa. Na ce mata ta bari sai mun haɗu a aji, alhali ban san ko za mu sake haɗuwa a aji ba.

Zuciyata tana raya mini abubuwa iri-iri. Wani lokaci in ce in tattara in tafi gidanmu Birnin Kudu in nemi canjin makaranta, in maigidan yana so na ya biyo ni. Wani lokaci in ce in rubuta wa sufeton makarantu ya zo, in sake darasin a gabansa da gaban duk garin, a ga wanda ya yi laifi. Wani lokacin kuma in ce in haƙura in zauna a ɗaki, in mayar da tasata cikin jere, tunda dai ba yunwa nake ji ba. Amma in na tuna zan bar allo, sai in fasa. Ina son aikin nan, Gwaggo, ina kuma ganin girman tsohon nan har cikin raina, ba na son in zaɓi ɗaya. Me zan yi?

Taki,
Malama Mai Neman Mafita, ƙasar Gwaram.

* * *

'Yata Malama,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki na yi dariya, na yi istigfari, na sake karantawa. Share hawayenki. Matsalarki mai gyaruwa ce, kuma ina ganin ba za ta kai hutu ba in kin bi ta inda ya kamata.

Bari in fara da naki. Ba ki yi saɓo ba, kuma abin da kika koyar ilimi ne mai kyau. Malamar da ta sa yarinya mai shiru ta buɗe baki ta yi tambaya irin ta Barira ta san aikinta, wannan kada kowa ya sa ki shakka. Shawarar shugabanku ta a tsallake babin ban yarda da ita ba. In kin tsallake, kin sa hannu ke nan cewa abin da aka faɗa a kanki gaskiya ne, kuma duk malamin da ya zo bayanki zai ji tsoron babin.

Sai na surukinki. Ni ma Allah Ya nufe ni da zuwa, na yi ɗawafi, kuma ina gaya miki da ni ce a kan keken nan da sai gabana ya faɗi. Baƙin abu a tsakiya, fararen kaya, kai a buɗe, kafaɗar hagu, sassarfa, ke da kanki kin lissafa su. Mutumin da ya jira tafiyar nan har tsufa, wanda har yanzu in ya tuna muryarsa ke rawa, ya ga surar abin da ya fi komai daraja a wurinsa an yi ta da gangar kwalta, yara suna dariya. Me kike so ya ji? Idonsa bai yi masa ƙarya ba, fassarar ce ta kuskure, kuma ba wanda ya je ya gyara masa ita. Kalmar jahilci da kika furta ki janye ta, ki fara da ba maigidanki haƙuri. Shi ma yana shan nasa a tasha.

Kin kuma bar abu biyu sun wuce ki saboda ɓacin rai. Da Alhaji ya yanke ƙauna da ke, a ranar zai ce kada ki sake fita. Bai ce ba, ya ce sai hutu. Dattijo in ya ba da wa'adi irin wannan, jira yake a zo a same shi. Sannan ya kare ki a gaban mutane lokacin da kare kin ke da tsada. Shi ya tsaya miki da farko, don haka duk wanda ya zage ki shi ma ya shafa, kuma yanzu haka yana neman hanyar da zai mayar da ke aji ba tare da an ce ya goyi bayan wasa da ibada ba. Aikinki shi ne ki samar masa hanyar.

Don haka yaji babu shi. In kika tafi Birnin Kudu da fushi, labarin akuya ya tabbata, 'yan matan da aka tsare kuma sun tsaru ke nan. Sufeto ma ki bar shi a ofishinsa. Zai zo da mota ya ba ki gaskiya ya koma, ya bar ki da garin da kika kunyata dattijonsa, kuma ba takardar gwamnati ce ta fitar da ke daga gida tun farko ba.

Kin ce ba ki da bakin yi wa surukinki bayani. Haka ne, kuma kada ki gwada. Amma kina da uba. Ki je gida da izinin maigidanki, ki zayyana wa mahaifinki komai, ki roƙe shi ya shirya ya zo da goronsa ya yi wa Alhaji barka da sauka, ko da ya riga ya yi. Su biyu sa'o'in juna ne, za su zauna a tabarma ɗaya su faɗi abin da ke da maigidanki ba ku isa ku faɗa ba. Saƙon farko da zai kai ban haƙuri ne: 'yarsa ba ta taɓa zuwa Makka ba, ba ta san kamannin da abin ya ɗauka ba, ta ji zafin ɓata masa rai. Ba a kan ilimin za ki ba da haƙuri ba, a kan abin da ya gani ne, kuma wannan haƙurin gaskiya ne, ba kissa ba. Sai ya huce sannan a buɗe littafi a nuna masa zanen.

Sannan darasin kansa ya canja kama. Na kai takardarki wurin wani malamin kimiyya a nan Kano, na tambaye shi ko dole ne sai ta hagu. Ya ce a'a. Mai zanen littafi ya zana ne kamar yana leƙen duniyoyin ta ɓangaren arewa, wanda ya leƙo su ta ɓangaren kudu zai ga sun bi ɗaya hannun. Ya ce in gwada da faifai: in juya shi ina kallonsa daga sama, sannan in ɗaga shi bisa kaina yana juyawar in kalle shi daga ƙasa. Na gwada a tsakar gida jikokina suna yi mini dariya, haka ne kuwa. Saboda haka ki juya yaranki su ba tsakiya kafaɗar dama, duka har da wata da jujjuyawar Barira, ba ki yi wa kimiyya ƙarya ba. Ki ma gaya musu dalili, ƙarin ilimi ne.

Ganga kuwa ta tafi ke nan. A kafa turke a tsakiyar filin, dogo wanda ya fi tsayin yaro, a kifa tasarki a kansa. A saƙala igiyoyi da sakakken zarge, wata gajera wata doguwa, kowane yaro ya riƙe bakin tasa yana zagayawa, biyu ko uku a lokaci guda don kada su harɗe, sauran suna zaune suna kallo. Kowa da hularsa da takalminsa. Duk wanda ya leƙo ta shinge abin da zai gani shi ne abin da yake gani kullum a bayan ɗakinsa, dabba a turke tana kewaye. Kuma kin ga amsar tambayar Barira ta fito da kanta: igiyar ita ce jan da rana ke yi wa duniya. Ki sa wani ya saki tasa yana cikin gudu su ga inda zai nufa. Samarin da suka yi korar tsuntsu a gonar dawa da majajjawa sun riga sun san wannan a hannunsu.

Sunayen ma ki ƙara musu na gida. Malamanmu na zaure sun san Zuhura da Mushtari da Zuhalu tun kafin a kawo allon bango ƙasar nan. Maigidanki ya je wurin limaminku da ladabi ya ce matarsa na neman a rubuto mata sunayen don ta koya wa yara tare da na Turanci. Uban da ya ji 'yarsa tana faɗin sunan da ya taɓa ji a bakin liman ba zai ce surkulle take yi ba. Liman kuma da aka nemi iliminsa ba zai zauna ana yanka akuyar ƙarya a ƙofar masallacinsa ba.

Ba zan ce miki duk yaran za su dawo rana ɗaya ba. Wasu iyayen dama dalili suke nema, sun kuma samu. Amma yawancinsu Alhaji suke kallo, inda ya sa ƙafa nan za su sa.

Shi ya sa na ajiye wannan a ƙarshe. In mahaifinki ya ga fuskar surukinki ta saki, ya roƙa miki alfarma guda: Alhaji ya zaɓo icen turken daga gonarsa, ya zo filin makaranta ya kafa shi da hannunsa, ya tsaya ya ga an yi darasin sau ɗaya, in akwai abin da bai kwanta masa ba ya faɗa a gyara. Kada ki ji tsoron ba shi wannan iko, dama a hannunsa yake. Manomi ne, ya fi ku duka sanin icen da gara ba ta ci. Ba sai ya tsaya a masallaci ya ce ya janye maganarsa ba, ba kuma sai kin haɗa ido da shi ba. Garin zai wayi gari ya ga turken Alhaji a tsakiyar filin makaranta, ni kuwa ina so in ga mai ƙarfin halin da zai je ya ce wa tsohon da ya dawo daga Makka bana ya kafa wa yara abin ɗawafi.

Allah Ya sanyaya zuciyar surukinki, Ya karɓi hajjinsa, Ya mayar miki da 'yan matanki aji, ke ma Ya kai ki ki gani da idonki.

Taki,
Gwaggo Rahamatu.